'Yan Sandan Ƙaramin Gari: Wa Ke Biyansu, Wa Ke Iya Korarsu?

Hauwa: Assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Hauwa ce ke muku sallama, kuma yau ma mu uku ne. Ga Kawu zaune kusa da ni, wanda ya yi shekara 35 cikin kaki kafin ya yi ritaya yana sufeton 'yan sanda. Ga kuma ƙanena Nura a kan layi daga jihar Ohayo ta Amurka. Kawu, barka da dare.

Kawu: Barka kadai, 'yata. Nura, ya sanyi?

Nura: Lafiya lau, Kawu, sanyi kam ya kankama. Ku dare ya yi muku, mu nan yanzu muka idar da la'asar.

Hauwa: Abin da ya jawo hirar nan, kwanaki Nura ya turo mini hoton motar 'yan sandan garin da yake zaune. Na duba jikin motar, ban ga sunan Amurka ba, ban ga sunan jiha ba. Sunan garin ne kawai. Ga shi mu nan kullum maganar 'yan sandan jihohi ake yi. Nura, fara daga nan. Na wane ne 'yan sandan nan?

Nura: Na garin ne, Yaya. Can babu rundunar 'yan sanda ɗaya da ta game ƙasa kamar tamu. Hukumomin tsaro na cikin gida sun kai kusan 18,000, kuma wajen 12,000 daga cikinsu na birane da garuruwa ne. Abin da zai ba ki mamaki, kusan rabin waɗannan na garuruwa, jami'ansu na cikakken aiki ba su kai goma ba.

Kawu: Goma? Har da shugaban nasu?

Nura: Har da shi, Kawu. Wani wurin shugaban da kansa yake fita sintiri idan wani ya tafi hutu. Na garinmu sun ɗan fi haka, amma ba su kai ashirin ba. Akwai shugaba, su cif suke ce masa. Ƙarƙashinsa akwai mataimaki ɗaya, sai sajoji, kowane saje da rukunin da yake jagoranta, na rana ko na dare, awa 12 kowanne. Sai 'yan sintiri, su ne mafi yawa, kowa shi kaɗai a motarsa. Sai mai bincike ɗaya ko biyu da ba sa sa kaki. Sai ma'aikaciya farar hula mai kula da takardu, da wanda ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar kayan shaida.

Hauwa: Shi cif ɗin wa ke naɗa shi?

Nura: Magajin gari da majalisar kansilolin gari. Wasu garuruwan kuma manajan gari ne, wanda majalisar ta ɗauka aiki. Su ke yanke kasafin kuɗinsa duk shekara, a zaman da ƙofa take buɗe, kowa na iya shiga ya zauna. Na taɓa zuwa sau ɗaya. Na ga wata dattijuwa ta miƙe ta tambayi cif dalilin da ya sa yake neman sabuwar mota bayan an saya masa bara. Ya tashi tsaye ya yi mata bayani, har da adadin tafiyar da tsohuwar motar ta yi.

Kawu: To wannan kam ban taɓa gani ba. Mu a wurinmu tsani ne mai tsawo. Sufeto Janar a Abuja, sai mataimakansa, sai masu kula da shiyya, sai kwamishina a jiha, sai kwamandan yanki, sannan ka iso kan DPO, wanda mutane ke kira baturen 'yan sanda. Ofishinsa shi ne daidai da abin da Nura ke faɗa. A ƙarƙashinsa akwai mai kula da sashen manyan laifuka, akwai na hanya da ababen hawa, akwai mai kula da ofis da jadawalin aiki. Sai caji ofis, inda kanta take. Duk wanda ya kawo ƙara nan zai fara tsayawa, a rubuta a dayari, da lokaci da suna da abin da ya faru. Idan gari ya yi nisa da ofis, sai a buɗe ɗan ƙaramin ofis a ƙauye, a tura saje ko sufeto da mutum uku ko huɗu. Na riƙe irin wannan shekara shida. Amma duk cikin tsanin nan babu matakin da mutumin gari yake da hannu. Shugaban ƙaramar hukuma zai iya taimaka wa DPO da mai, ba zai iya ɗaga shi ba.

Hauwa: Idan babban abu ya faru fa, Nura? Mutum goma ba za su iya da kisan kai ko fashi ba.

Nura: Ba sa ma gwadawa su kaɗai. Kowane gari yana cikin gunduma, Ohayo tana da gunduma 88, kuma kowace tana da sherif. Shi sherif yawanci zaɓensa ake yi da ƙuri'a kamar ɗan majalisa. Shi ke riƙe da gidan yarin gunduma, shi ke sintiri a ƙauyukan da ba su da 'yan sandan kansu. Ƙaramin gari idan ya kama mutum, can yake kai shi, don da yawa ba su da wurin kwanar da kowa. Idan kisa ne, sai su kira hukumar binciken laifuka ta jiha ta turo masu ɗaukar zanen yatsa da gwajin jini. Sannan akwai yarjejeniyar taimakon juna da garuruwan maƙwabta. Mai gabatar da ƙara ma ba ɗan sanda ba ne, lauya ne, shi ma zaɓaɓɓe.

Kawu: Kiran waya fa? Na ji ana cewa lamba ɗaya ce duk ƙasar.

Nura: 911. An fara ta ne a 1968, a wani ƙaramin gari mai suna Haleyville a jihar Alabama. Yanzu yawancin ƙananan garuruwa haɗa kuɗi suke yi su riƙe cibiyar karɓar kira ɗaya. Mai karɓar kiran yana ganin wace mota ce ta fi kusa, ya tura ta, kuma komai yana shiga kwamfuta: minti nawa aka kira, minti nawa aka isa. Amma Kawu, ka san me ake kiransu a kai? Ba 'yan fashi ba ne yawanci. Mota ta bugi barewa. Maƙwabci ya ƙure kiɗa. Miji da mata sun kaure. Ɗa yana wata jiha, ya kwana biyu yana kiran tsohuwarsa ba ta ɗauka, a je a duba ta. Mai taɓin hankali ya fita ba riga cikin ƙanƙara.

Kawu: To ai ɗan Adam ɗaya ne ko ina. Ni ma abin da na fi yi a rayuwata sulhu ne. Rikicin iyakar gona, shanu sun shiga dawa, bashi tsakanin 'yan kasuwa, kishiyoyi, yaro ya gudu daga gida. A shekara shidan nan da na faɗa, ranakun da na ɗaga bindiga ban cika yatsun hannu ɗaya ba. Mai unguwa da limami da sarkin kasuwa su ne rabin aikina. Wanda bai san su ba, ko an ba shi mota goma, a makance yake tafiya.

Hauwa: To Kawu, ai ka kawo ni inda nake so. Da ɗan gari akan ci gari. A ɗauko yaro daga wata jiha mai nisa, bai jin yaren mutane, bai san hanyar daji ba, a ce ya tsare su. Kafin ya gane gari an yi masa canjin wurin aiki. Me zai hana mu yi irin na su Nura, kowane gari da nasa?

Nura: Yaya, kafin Kawu ya amsa, bari in ba ki ɗaya gefen, don kada a ce na zo tallan Amurka. Kin tuna Ferguson?

Hauwa: Inda aka harbe yaron nan baƙar fata.

Nura: Michael Brown, ɗan shekara 18, ɗan sanda ne ya harbe shi har lahira ranar 9 ga Agusta 2014. Ferguson ƙaramin gari ne a jihar Mizuri, a lokacin mutanensa wajen 21,000, 'yan sandansa hamsin da 'yan kai. Kashi 67 cikin ɗari na mutanen garin baƙaƙe ne, amma baƙaƙen da ke cikin 'yan sandan ba su kai biyar ba. Bayan zanga-zangar da kisan ya jawo, Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta shiga ta kwashe takardunsu da saƙonninsu, ta fitar da rahoto a watan Maris na 2015. Abin da ta gano shi ne, garin ya mai da 'yan sandansa masu tara masa kuɗin shiga. Jami'an kuɗi na gari suna rubuta wa cif cewa a ƙara yawan takardun tara. A 2010 tara da kuɗin kotu sun kawo dala miliyan 1.38. A kasafin 2015 sun sa ran dala miliyan 3.09, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na babban asusun garin. Ɗan sandan da bai rubuta tara da yawa ba, ana yi masa magana.

Kawu: Subhanallahi. A kan wa tarar take faɗawa?

Nura: Daga 2012 zuwa 2014, kashi 85 na motocin da aka tsayar na baƙaƙe ne, kashi 90 na takardun tara su aka ba, kashi 93 na waɗanda aka kama su ne. Akwai wata mata a cikin rahoton da ba na mantawa da ita. A 2007 ta ajiye mota inda bai kamata ba, aka ci ta tarar dala 151. Ba ta da hali, wani lokacin ma ba ta da wurin kwana, ta riƙa rasa ranar kotu. Kowane rashin zuwa sabon laifi ne da sabuwar tara. Aka kama ta sau biyu, ta yi kwana shida a tsare, ta biya dala 550, kuma a ƙarshen 2014 ana bin ta dala 541. Shekara bakwai, a kan ajiye mota.

Hauwa: Kuma duk a rubuce, da rasit.

Nura: Da rasit, Yaya. Babu wanda ya sa kuɗin a aljihunsa. Asusun gari suke shiga, daga nan a biya albashi. Cif ɗin ya sauka a watan da rahoton ya fito, a 2016 garin ya sa hannu kan yarjejeniyar gyara ƙarƙashin kulawar kotun tarayya, jihar kuma ta yi dokar da ta ƙayyade kason kuɗin shiga da gari zai iya samu daga tarar hanya. Amma gundumar da Ferguson take ciki tana da ƙananan garuruwa kusan 90, da yawa kowanne da 'yan sandansa da kotunsa. Mutum zai iya ratsa biyar a hanyarsa ta zuwa aiki.

Kawu: Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗan sanda yana duban hannun da ke ba shi albashi, ko ya so ko ya ƙi.

Nura: Akwai ma wani abu a nan Ohayo da zai tuna maka da wani zamani, Kawu. Ƙananan garuruwa da yawa suna da abin da ake kira kotun magajin gari. Ɗan sandan gari ya rubuta maka tara, ka je gaban magajin gari ko wanda ya wakilta, kuɗin kuma su shiga asusun gari. A 1972 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a kan wani ƙauye mai suna Monroeville, ta ce magajin garin da ke da alhakin kuɗin gari, kuma tara ce babban kaso na kuɗin, ba zai zama alƙali mai adalci ba. Duk da haka irin kotunan nan suna nan har yau.

Kawu: Ka ga En'e ke nan, wato hukumar sarakuna ta zamanin Turawa. Hauwa, ku yaran yanzu kuna magana kamar ba mu taɓa yin 'yan sandan gida ba. Mun yi. Kafin Turawa akwai dogarai. A shekarun 1920 aka fara tsara 'yan gadi da 'yan doka a ƙarƙashin hukumar En'e, kowace masarauta da nata, baitulmalinta ke biyansu. Rundunar tarayya, wadda aka haɗe ta Arewa da ta Kudu a 1930, ba ta cika shiga cikin birni ba, tana wajen bariki da Sabon Gari da hanyar jirgi. Shugaban 'yan doka shi ne Wakilin Doka, kuma sau da yawa ɗan sarki ne. Marigayi Sarkin Kano Ado Bayero ya riƙe muƙamin nan kafin ya tafi jakadanci Senegal, kafin a naɗa shi sarki a 1963.

Hauwa: Ai tsofaffi yabon 'yan doka suke yi. Kakata cewa take a lokacinsu ɓarawo ba ya kwana biyu ba a kama shi ba.

Kawu: Ba ta yi ƙarya ba. Mahaifina ya ga zamanin. Ɗan doka ya san kowane lungu, ya san wanda ya sauka a gidan wane, don baƙo ba ya kwana sai mai unguwa ya sani. Idan aka saci akuya ya san mahaucin da zai tambaya. Amma ki je ki tambayi gidajen da suka yi NEPU. Daga 1950 da aka kafa jam'iyyar har zuwa 1966, ɗan doka na En'e ne, alƙali na En'e ne, gidan yari na En'e ne, izinin yin taro ma En'e ke bayarwa. Mutum zai yi lacca da rana, ya kwana a ɗaure, gobe alƙali ya yanke masa wata shida. Hajiya Gambo Sawaba sau nawa aka ɗaure ta? Sanin gari da ya sa ɗan doka ya kama ɓarawo, shi ne ya sa ya san gidan ɗan adawa da gonarsa da surukansa. A Yamma ma 'yan sandan ƙananan hukumomi haka aka yi da su. Shi ya sa bayan juyin mulkin 1966 soja suka kafa kwamiti, daga 1968 aka fara narkar da su cikin rundunar tarayya. Kuma shi ya sa sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce runduna ɗaya ce, ba za a kafa wata ba.

Hauwa: Na ji, Kawu, amma ban sauka daga ra'ayina ba. Sashe na 215 ya ce gwamna zai iya ba kwamishina umarni, shi kuma kwamishina yana iya cewa sai an kai maganar gaban shugaban ƙasa ko minista. Ƙauye yana ƙonewa, a jira Abuja? Kuma ai jihohi sun riga sun yi nasu ta bayan gida. Amotekun a Kudu maso Yamma tun 2020. Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a farkon 2024. A watan Fabrairun 2024 shugaban ƙasa da gwamnoni suka zauna suka amince a duba batun 'yan sandan jihohi. Tunda abin yana nan, gara a yi masa doka da horo a kan a bar shi haka.

Kawu: Ban ce kada a yi ba, 'yata. Na ga mutanen da suka mutu saboda nisan ofis. Wani dare aka zo mini a kan babur daga wani ƙauye, aka ce an shiga. Mota ɗaya gare mu, kuma ba mai a cikinta. Sai da na tashi mai sayar da fetur a galan na karɓa bashi da sunana. Kafin mu isa an gama, mutum biyu kwance. Har yau ina ganin fuskar matar da ta fito ta kalle mu ba ta ce komai ba. Don haka kada ki ɗauka ina kare tsarin da na yi aiki a cikinsa. Abin da nake tsoro, gwamnan da ke yin wata da watanni bai biya malaman firamare ba, ya ɗauki matasa dubu ya ba su bindiga. Ranar da albashi ya tsaya, a kan hanya za su nemi abinci. Ranar zaɓe kuma, wa za su tsare?

Nura: A can abin da ke ɗan taka musu birki shi ne akwai na sama da su da ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Jiha ke ba ɗan sanda takardar shaidar aiki, a Ohayo sai ya yi horon sama da awa 700, kuma ana iya raba shi da ita. Kotun tarayya tana karɓar ƙarar wanda aka zalunta, gari ya biya diyya daga asusunsa ko inshorarsa. Har rushe rundunar gari ana yi. Camden a jihar New Jersey, bayan an kashe mutum 67 a 2012 a garin da bai kai mutum 80,000 ba, a 2013 aka rushe 'yan sandan birnin, gunduma ta kafa sabuwar runduna, kowa ya sake neman aiki. Amma kuma akwai ɓaraka. Wanda aka kora a wannan gari yakan samu aiki a ƙaramin garin da ke gaba, don su ba su da kuɗin horar da sabo, ga wanda ya riga ya samu takarda.

Hauwa: Mu fa, Kawu, wa ke duba abin da ke faruwa a bayan kanta?

Kawu: A takarda akwai. Tsarin mulki ya ce idan akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya ne a kai mutum gabanta, in babu, kwana biyu. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1943, ta hana kama mutum a madadin ɗan'uwansa, ta hana kama shi a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki, ta ce kowane ofishin DPO a samu lauya a cikinsa. Beli kyauta ne. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 kuma ta ce majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata, ya duba waɗanda ke tsare da littafin kamu. Wannan na ƙarshe na ga amfaninsa da idona dab da zan yi ritaya. Akwai wata majistare da take zuwa ba ta faɗi rana ba. Takan ce a buɗe sel, ta kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kowa ranar da aka kawo shi, ta duba dayari. Rannan ta samu wani dattijo da aka tsare saboda ɗansa ya gudu da kuɗin wani. A tsaye ta sa aka kawo masa takalmansa.

Hauwa: Da aka ɗauke ta fa?

Kawu: Wanda ya gaje ta sau ɗaya na gan shi, kuma a ofishin DPO ya zauna, bai leƙa baya ba.

Nura: Yaya, idan za mu ci gaba mako mai zuwa, ina so mu samo daftarin da majalisa ke dubawa kan 'yan sandan jihohi, mu karanta wurin da ya yi maganar wa zai naɗa kwamishina, wa zai cire shi, da inda albashi zai fito.

Kawu: Ku ƙara da wurin da ya ce wa zai riƙe makullin sel, da wanda ke da ikon cewa a buɗe. Ni nan zan fara dubawa.

Hauwa: Zan nemo shi in sha Allahu, in bugo wa Kawu a takarda tunda ba ya son karatu a waya. Nura, a gaida iyali. Jama'a, sai mun haɗu.